Monmouthshire ta Wales: gunduma ɗaya a da, majalisu biyar a yau. A sake haɗe su ko a ƙyale su?

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Nazarinmu na tsarin ƙananan hukumomi ya kawo mu Wales a wannan makon, kuma Monmouthshire za mu ɗauka. Kafin kowa ya tofa albarkacin bakinsa, mu sani cewa taswira uku ce ke ɗauke da wannan ƙasa. Akwai tsohuwar gundumar da aka kafa a 1536, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,400. Akwai Gwent, wadda ta gaje ta daga 1974 zuwa 1996. Sai Monmouthshire ta yanzu, wadda gabashin tsohuwar ce kawai, kusan murabba'in kilomita 850 da mutum kusan 93,000 a ƙidayar 2021. Abin da nake so mu tattauna: raba Gwent gida biyar da aka yi a 1996 gyara ne ko ɓarna?

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam Malam. Ba za a gane rabon ba sai an fara duba shimfiɗar ƙasar, domin ƙasa uku ce aka ɗaure da suna ɗaya.

Ruwa ne ya shata mata iyaka kusan ta ko'ina: kogin Wye a gabas, Monnow a arewa maso gabas, Rhymney a yamma tsakaninta da Glamorgan, sai mashigar Severn a kudu. Kogin Usk ya ratsa tsakiyarta, daga wajen Abergavenny ya bi ta garin Usk da Caerleon ya faɗa teku a Newport. Duk abin da ke gabashin Usk da gefensa jar ƙasa ce ta noma da kiwo, ga garuruwan kasuwa irin su Monmouth da Chepstow da Abergavenny, mutane a warwatse. Ta arewa akwai tsaunuka: Chwarel y Fan mai mita 679 shi ne ƙololuwar gundumar, sai Sugar Loaf mai mita 596 da Blorenge mai 561.

Yamma kuwa wata duniya ce dabam. Nan ne ƙasar kwal, kwaruruka ne masu zurfi da matsi, sun jeru daga arewa zuwa kudu: Rhymney, Sirhowy, Ebbw babba da ƙarama, da Afon Lwyd. A kawunan kwarurukan aka samu kwal da tama da farin dutse wuri guda, shi ya sa matatun ƙarfe suka tashi a Tredegar da Ebbw Vale da Nantyglo da Blaenavon. Gidaje sun bi gindin kwari a jere kamar ƙwayoyin carbi, hanya ɗaya, layin dogo ɗaya. Garin da ke kwarin maƙwabta na iya zama kilomita huɗu kacal a miƙe, amma sai ka gangara ƙasa ko ka hau sama kafin ka zagayo gare shi. Wannan kaɗai ya isa ya sa kwashe shara da jigilar 'yan makaranta su yi tsada.

Kashi na uku shi ne fadamar bakin teku ta kudu, gabas da yammacin Newport, wadda aka ƙwato daga teku.

Abdulhadi:
Hajiya ta kawo ƙasa, bari in kawo doka. Kafin 1536 babu gunduma a nan, ƙasashen manyan masu sarauta ne na kan iyaka, irin su Abergavenny da Chepstow da Usk da Caerleon da Newport, kowanne da kotunsa. Dokar Sarki Henry na 8 ce ta rushe su ta ƙirƙiro sababbin gundumomi biyar, Monmouthshire na ciki. Matsalar ta zo da doka ta biyu a 1543, wadda ta kafa wa Wales babbar kotu ta kanta. Aka raba gundumomi 12 gida huɗu, uku-uku, aka bar Monmouthshire a waje tana amsa wa kotunan Landan, daga baya aka jona ta da zagayen alƙalan Oxford. Kuma an ba ta wakilan gunduma biyu a majalisa kamar gundumomin Ingila, alhali sauran na Wales ɗaya-ɗaya suka samu.

Daga nan dokoki suka riƙa cewa Wales da Monmouthshire, kamar abu biyu ne. Dokar rufe mashaya ranar Lahadi ta 1881 ba ta shafe ta ba sai daga baya, amma dokar ilimin sakandare ta 1889 da dokar raba cocin Wales da gwamnati ta 1914 duk sun haɗa da ita. Dokar ƙananan hukumomi ta 1972 ce ta kashe bakin zancen, ta ce daga 1 ga Afrilu 1974 cikin Wales take.

Sadiya:
Yaya Abdulhadi, to Newport fa? Na ga wasu takardu suna lissafa ta dabam tun kafin 1974.

Malam Tukur:
Tambaya mai kyau, Sadiya. Newport cikin gundumar take ta fuskar taswira, amma ta fuskar mulki ta balle tun 1891. An kafa majalisar gunduma ta zaɓe a 1889, bayan shekara biyu Newport ta samu matsayin garin da ke gudanar da duk ayyukansa da kansa. Duk da haka ofishin majalisar gundumar a cikin Newport ya zauna, garin da ba ta mulka.

Ga sauran sauye-sauyen da ke rikita mutane. A 1938 Rumney ta koma Cardiff. A 1974 Gwent ba ta gaji tsohuwar iyaka daidai ba: ta karɓi Brynmawr da Llanelly daga Brecknockshire, ta rasa Rhymney da New Tredegar da Bedwas da Machen zuwa Mid Glamorgan, ta rasa St Mellons zuwa Cardiff. Mulkin Gwent hawa biyu ne. Majalisar gunduma na riƙe da makarantu da manyan hanyoyi da kula da marasa galihu, ƙananan yankuna biyar, wato Blaenau Gwent, Islwyn, Monmouth, Newport da Torfaen, na riƙe da gidajen haya na hukuma da shara da izinin gini. A 1996 aka soke hawa biyun a duk Wales, aka kafa majalisu 22 masu hawa ɗaya. Islwyn ta haɗe da kwarin Rhymney suka zama Caerphilly, sauran huɗun kowacce ta tsaya da ƙafarta, Llanelly kuma aka cire ta daga Blaenau Gwent aka ba Monmouthshire.

Saboda haka majalisar Caerphilly ta yau rabinta tsohuwar Monmouthshire ce, rabi Glamorgan. Bargoed da Aberbargoed suna kallon juna, kogi ne kawai tsakaninsu, amma a da gunduma biyu ne.

Injiniya Bello:
Ni kai tsaye zan faɗa, rabon 1996 kuskure ne. Ku dubi yawan jama'a a 2021: Caerphilly kusan 176,000, Newport kusan 160,000, Monmouthshire 93,000, Torfaen 92,000, Blaenau Gwent 67,000. Majalisar mutum dubu 67 an ɗora mata daraktan ilimi, daraktan jin daɗin jama'a, sashen hanyoyi, sashen shari'a, duk abin da Gwent ke yi da tawaga guda. Hujjata ita ce abin da su da kansu suka yi bayan rabon. 'Yan sanda har yau na Gwent ne. Hukumar lafiya ta Aneurin Bevan majalisun biyar take yi wa aiki. Asusun fanshon ma'aikata ɗaya ne, Torfaen ke kula da shi. Ma'adanar takardun tarihi ma ɗaya ce, tana Ebbw Vale. A 2024 ma Blaenau Gwent da Torfaen sun koma amfani da babban jami'in gudanarwa guda. Idan kowane babban aiki sai an koma taswirar Gwent, me aka raba?

Hatta hedikwata, Monmouthshire ta yi shekaru tana zaune a tsohon ginin Gwent da ke Croesyceiliog, cikin ƙasar Torfaen, sai da simintin ginin ya lalace sannan ta koma sabon gini kusa da Usk a 2013.

Malama Hauwa:
Injiniya, ka lissafa daraktoci amma ka tsallake inda kuɗin yake. Albashin manyan jami'ai ɗan kaɗan ne a kasafi. Makarantu da kula da tsofaffi da yara su ke cinye mafi yawansa, kuma haɗe majalisu ba ya rage yawan tsofaffi.

Bari in nuna yadda harajin gida ke aiki, domin nan ne gizo ke saƙar. A Wales kowane gida yana cikin ɗaya daga rukuni tara, A zuwa I, bisa darajarsa a watan Afrilun 2003. Rukunin A shi ne gidan da bai wuce fam 44,000 ba a lokacin, D daga 91,001 zuwa 123,000, I kuma abin da ya haura 424,000. Majalisa rukunin D kawai take yanke wa kuɗi, sauran su bi lissafi: A na biyan kashi 6 cikin 9 na D, F na biyan 13 cikin 9, H ninki biyu, I kuma 21 cikin 9. Misali kawai, idan D fam 1,800 ne, mai A zai biya 1,200, mai I ya biya 4,200.

Yanzu ɗauki gida 900 duk rukunin A. A lissafin majalisa daidai suke da gida 600 na rukunin D. Gida 900 na rukunin F kuwa daidai suke da 1,300. A Blaenau Gwent gidajen jeren ma'aikatan kwal ne suka fi yawa nesa ba kusa ba, wato A da B. A Monmouthshire manyan rukunai sun yawaita. Shi ya sa kuɗin rukunin D na Blaenau Gwent ke cikin mafi tsada a Wales, ba don almubazzaranci ba, sai don tana raba nauyi kan ƙaramin tushe. Gwamnatin Wales tana cike giɓin da kason da take rabawa bisa ma'aunin buƙata, talauci da yawan ɗalibai da shekarun jama'a da tsawon hanyoyi. A wannan ma'aunin Monmouthshire ce ke samun mafi ƙaranci a kan kowane mutum, Blaenau Gwent na cikin masu samun mafi yawa.

Ranar da aka haɗe su, dole kuɗin D ya zama ɗaya a duk yankin. Wani zai hau, wani zai sauka. Wanda nasa zai hau ba zai yafe wa kansilansa ba.

Injiniya Bello:
Malama, abin da kika bayyana ai hujjata ce. Gwent tana haɗa mai ƙarfi da mara ƙarfi a asusu guda. Da aka raba, aka ware talakan kwari shi kaɗai, aka ware mai gona da manyan gidaje shi kaɗai.

Malama Hauwa:
Daidaitawar ba ta ɓace ba, hawa ta yi zuwa Cardiff, mazaunin gwamnatin Wales, inda ake raba kason. Bambancin shi ne yanzu a fili ake yinta da ma'aunin da kowa zai iya ƙalubalanta.

Malam Tukur:
An gwada abin da Injiniya ke so har sau uku. Kwamitin Williams, wanda gwamnatin Wales ta kafa, a Janairun 2014 ya ba da shawarar a rage majalisu 22 zuwa tsakanin 10 da 12. A 2015 ministan ƙananan hukumomi na lokacin, Leighton Andrews, ya fito da taswirar takwas ko tara, wadda a cikinta biyar ɗin nan za su koma guda. Bayan zaɓen 2016 aka jingine ta. A 2018 aka sake kawo taswirar goma, ita ma ba ta yi rai ba. Abin da ke kashe shirin kusan iri ɗaya ne kowane lokaci: kuɗin sallamar ma'aikata da haɗe tsarin kwamfuta da daidaita albashi a farkon shekaru ake biyansu, ribar kuwa sai daga baya, idan ta zo. Ga batun harajin da Malama Hauwa ta kawo. Ga kansilolin da za su rasa kujeru, kuma su ake nema su amince.

Dokar ƙananan hukumomi ta 2021 ta bi wata hanya. Ta bar majalisun yadda suke, ta kafa kwamitocin haɗin gwiwa na yanki don tsara sufuri da babban tsarin gine-gine da tattalin arziki. Na kudu maso gabas majalisu goma ne, har da Cardiff. Dokar ce kuma ta ba 'yan shekara 16 da baƙin da ke zaune bisa ƙa'ida damar zaɓen kansiloli.

Hajiya Rabi:
Akwai kuma bambancin zuciya, kada a raina shi. A ƙuri'ar raba gardama ta 2011 kan ƙara wa majalisar Wales ikon yin doka, Monmouthshire kaɗai ta ce a'a cikin 22, da ratar ƙuri'a 320. Tredegar kuwa garin Aneurin Bevan ne, wanda ya kafa hukumar lafiya ta ƙasa a 1948. Manomin Raglan da jikan mahaƙin kwal na Abertillery ba abu ɗaya suke nema wurin kansila ba.

Usman:
Ni abin da ya fi damuna shi ne mai neman izinin gini, domin shi ke shan wahalar taswirorin nan. Ga yadda ya kamata a bi.

Da farko kada a dogara da lambar gidan waya. NP16 ta Chepstow ce, amma ta ƙetare kogin Wye ta haɗa da Tutshill da Sedbury, waɗanda ke Gloucestershire ta Ingila. A can dokar gini dabam, harajin sayen gida dabam, rukunin harajin gida takwas ne bisa darajar 1991. A duba takardar harajin gidan, ita ke faɗin majalisar gaskiya.

Na biyu, a duba ko filin na cikin gandun ƙasa na Bannau Brycheiniog. Arewa maso yammacin Monmouthshire, kamar kwarin Llanthony da Gilwern, ciki yake. A nan hukumar gandun ce ke ba da izini, ko da yake majalisar gunduma ce ke kwashe shara tana karɓar haraji. Kwarin Wye shi ma wuri ne mai kariya tun 1971, amma can izinin na hannun majalisa. Mutane na yawan cakuɗa biyun nan.

Na uku, tun 7 ga Janairu 2019, duk ginin da filin aikinsa ya kai murabba'in mita 100 sai ya samu amincewar tsarin magudanar ruwan sama, kuma takarda ce dabam da izinin gini. Wanda ya zana gidaje ya cika fili sannan ya tuna da wannan, sai ya tarar babu wurin tafkin tara ruwa, dole a sake zane.

Na huɗu, fosfet, sinadarin da ke gurɓata koguna idan ya yi yawa. A Janairun 2021 hukumar albarkatun ƙasa ta Wales ta tsaurara ma'aunin fosfet a kogunan da ke da kariya, aka ga yawancin sassan Usk da Wye sun gaza. Daga nan duk sabon gidan da ruwan ƙazantarsa zai ƙare a kogunan sai an nuna ba zai ƙara fosfet ba. Idan matatar ruwan ƙazantar garin ba ta da na'urar cire shi, takarda sai ta kwanta. Kuma majalisa ba ta da iko a kan matatar, ta kamfanin ruwa ce.

Majalisar unguwa ko ta gari ana neman ra'ayinta kawai, ba ta yanke hukunci. Aikinta ƙananan abubuwa ne irin su filin wasa da maƙabarta da zauren taro, kuma ɗan kuɗinta a kan takardar harajin gida ake ɗora shi, tare da na 'yan sanda.

Injiniya Bello:
Madalla Usman. Ƙara da fadamar kudu da Hajiya ta ambata a gurguje. Tsakanin cikar teku da janyewarsa a mashigar Severn ratar na kai mita 14, tana cikin mafi girma a duniya. Ƙasar tana ƙasa da matakin babbar cikowa, katangar teku ce ke tare ta. Ruwan sama na bin ƙananan lambatu na gonaki zuwa manyan magudanai, ya fita ta ƙofofin da ke buɗewa idan teku ya janye, su rufe da kansu idan ya ciko. Da rani ana datse ruwan ya tsaya sama don dabbobi su sha kuma ya zame musu shinge, da hunturu a sauke shi don a samu wurin karɓar ruwan sama. Manyan magudanai na hannun hukumar albarkatun ƙasa tun 2015, ƙananan kuma nauyin mai gona ne. Idan mai gona ɗaya ya bar nasa ya cushe da laka, ko ya binne shi da ƙaramin bututu, na bayansa ne ke kwana cikin ruwa. Ambaliyar 1607 har yau akwai alamarta a bangon cocin Goldcliff.

Wannan fadama guda ta ratsa Monmouthshire da Newport da Cardiff. Kowacce da tsarin gine-ginenta, kowacce na iya amincewa da rumbun ajiya ko gonar hasken rana a nata ɓangaren, ruwan kuwa hanyarsa ɗaya. Sabuwar hanyar M4 da aka so a ratsa da ita ta nan don kauce wa cunkoson ramin Brynglas, gwamnatin Wales ce ta soke ta a Yunin 2019, ba wata majalisa ba.

Sadiya:
Ga mai binciken tarihin iyali ko na gari fa, wace taswira zai bi?

Abdulhadi:
Tsohuwar, ƙanwata, amma da kula. Fara da gano yankin cocin da garin yake ciki, domin garuruwan kwal sun girmi sunayensu a takarda. Tredegar a ƙarƙashin Bedwellty za ki same ta, Abertillery a Aberystruth, Pontypool a Trevethin. Rajistar haihuwa da mutuwa ta gwamnati ta fara a Yulin 1837, kuma yankunan rajistar ba su bi iyakar gunduma ba. Na Chepstow da na Monmouth sun haɗa da ƙauyukan Ingila, Brynmawr kuma tana ƙarƙashin Crickhowell. Wasiyyoyin kafin 1858 kotunan coci ne suka tabbatar da su, yawancinsu suna babban ɗakin karatu na ƙasa a Aberystwyth. Welsh Bicknor ta Monmouthshire ce har 1844, sannan ta koma Herefordshire. Kuma kada ki cakuɗa Llanelly ta nan da Llanelli ta Carmarthenshire, ko Newport ta nan da ta Pembrokeshire.

Malam Nasiru:
Allah ya saka da alheri. Malama Hauwa, Injiniya ya kawo ruwa a matsayin hujjar haɗewa. Me za ki ce?

Malama Hauwa:
Na yarda ruwa na buƙatar hukuma guda, amma misalinsa ya nuna Gwent ma ba ta isa ba, tunda fadamar ta shiga Cardiff, Wye kuma ta fito daga Powys ta bi ta Herefordshire. Haka tarin tarkacen kwal da ke kan gangaren kwaruruka. A Nuwamban 2024 ruwan sama ya kwararo da ɗaya cikin titunan Cwmtillery a Blaenau Gwent. Da yawa daga tarin nan a filin masu zaman kansu suke, gyaran guda ɗaya na iya fin ƙarfin kasafin hanyoyin ƙaramar majalisa, kuma an tara su ne tun kafin a ba Wales ikon kanta a 1999. Shi ya sa takaddamar wa zai biya take tsakanin Cardiff da Landan. Ko majalisa biyar ce ko ɗaya, ba daga harajin gidan rukunin A za a fitar da wannan kuɗin ba.

Injiniya Bello:
Kuɗin gyara daga sama zai zo, ban musa ba. Amma mai zuwa ya duba magudanar da ke bayan tarin kafin damina, ya gane ta toshe, injiniyan ƙasa ne, kuma irinsu kaɗan ne. Majalisar mutum 67,000 da kyar take riƙe ɗaya, idan ya samu albashi mafi kyau a Cardiff ko Bristol ya tafi, kujerar sai ta daɗe babu kowa. A bar majalisu biyar ɗin da kansilolinsu idan ana so, amma sashen injiniyoyi da na tsara gine-gine da na kare yara a mayar da su tawaga guda ta Gwent, da yarjejeniyar da ta fayyace nawa kowace majalisa za ta zuba da kuma wanda za a tuhuma idan aiki ya kwana.